TAWALI'U DA FUSKA BIYU: 'YAN MISHAN A IDON MUTANEN ƘASAR HAUSA

A unguwar Nassarawa ta Kano akwai wani tsohon gidan ƙasa da ake kira Gidan Ɗan Hausa, wanda yanzu aka mayar wurin adana kayan tarihi. Mafi yawan masu shiga cikinsa sun san cewa a nan ne Hanns Vischer ya zauna, kuma a nan ya fara makarantar boko ta Gwamnati a shekarar 1909. Kaɗan ne suka san cewa aikin mishan ne ya fara kawo mutumin nan Nijeriya ta Arewa a 1901, a ƙarƙashin ƙungiyar C.M.S. ta Cocin Ingila, ya yi ɗan lokaci ya ajiye, ya shiga aikin mulki. Wannan gida, saboda haka, wuri ne da ya dace a fara wata tambaya daga cikinsa, watau yadda aka yi mutanen da suka zo da wa'azin ƙanƙan da kai suka bar suna iri biyu a ƙasar nan: wasu na tunawa da su da haƙuri da jinyar marasa lafiya, wasu kuma da girman kai da fuska biyu.

Kafin a shiga labarin, ya kamata a bambanta kalmomi uku da ake yawan cakuɗawa. Ajizanci shi ne kasawar da ke jikin kowane ɗan Adam, wanda Hausawa ke cewa tara yake bai cika goma ba. Munafunci kuwa shi ne mutum ya nuna abin da ya san babu shi a zuciyarsa, Musa a baki, Fir'auna a zuci. Tawali'u shi ne mutum ya san ajizancinsa, sanin nan kuma ya hana shi taka wani. Addinin Kirista ya ɗora nauyi mai yawa a kan wannan hali na uku. A cikin Linjilar Luka akwai misalin mutum biyu da suka shiga Haikali yin addu'a, ɗaya malami mai kiyaye doka, yana lissafa wa Ubangiji azuminsa da zakkarsa, ɗaya kuma mai karɓar haraji, wanda ya tsaya daga nesa yana neman jinƙai, aka kuwa ce na biyun ne ya koma gida karɓaɓɓe. Manzo Bulus ma ya yi kukan cewa alherin da yake so ba shi yake aikatawa ba. Daga nan ne amsar da Kiristoci suka saba bayarwa ta samo tushe, in an zarge su da saɓa wa abin da suke faɗa: ikkilisiya taron masu zunubi ce da ke neman gafara, kuma tun ƙarni na biyar Augustine, bishop ɗin Hippo a Afirka ta Arewa, ya yi jayayya da 'yan Donatus da suka nace sai an tace ta ta zama ta tsarkaka zalla.

Musulmin ƙasar Hausa ba baƙi ba ne ga wannan magana. Duk almajirin da ya yi nisa ya karanta babin riya da ujubu da girman kai a littattafan sufaye, musamman Ihya'u na Imam Gazali. Daɗin daɗawa, a cikin Suratul Ma'ida an yabi wasu daga cikin Nasara da cewa akwai malamai da masu ibada a cikinsu, kuma ba su da girman kai. Ashe ke nan tun kafin ɗan mishan na farko ya tako ƙasar nan akwai ma'aunin da za a auna shi da shi, ma'aunin kuwa bai saɓa da wanda ke cikin littafinsa ba.

Lakwaja da Anaca, 1890

Wanda ya fara ɗaukar aikin mishan a bakin Kwara baƙar fata ne, Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe wanda aka kama bawa yana yaro, aka 'yanta shi a Saliyo, aka naɗa shi bishop a Canterbury a 1864. Ya yi shekaru yana hulɗa da sarakunan Nupe cikin ladabi, yana kai musu gaisuwa da kyauta, har ya ba Etsu Masaba Littafi Mai Tsarki na Larabci, kuma ya hori ma'aikatansa su guji zagin addinin mutane. Irin amincin da ya samu ya fito fili a shekarun 1880, lokacin da Etsu Maliki ya aika masa da saƙo yana roƙon ya kai kuka ga Sarauniyar Ingila a hana shigo da barasa ƙasarsa, domin ta lalata masa jama'a. Takardar nan tana da ban sha'awa ta fuska biyu. Sarki Musulmi ya amince da limamin Kirista har ya mai da shi ɗan aikensa. A lokaci guda kuma ya nuna abin da kowa ke gani a bakin kogi, cewa jirgin da ke kawo Linjila da wanda ke kawo kwalba daga ƙasa ɗaya suke fitowa.

A 1890 sai ga wasu samari Turawa sun iso Lakwaja da niyyar shiga ƙasar Hausa. Shugabanninsu su ne Graham Wilmot Brooke, mai shekara 25, da John Alfred Robinson. Sun taso ne cikin wani yunƙuri na neman tsarkin zuciya da ake dangantawa da taron Keswick, wanda aka fara a Ingila a 1875, kuma ba da wasa suka zo ba. Suka tuɓe kwat da wando suka sa riga da rawani, suka ci abincin mutanen gari, suka koyi Hausa, suka kuma shelanta cewa ba su neman kariyar Gwamnatin Ingila, duk hukuncin da sarkin Musulmi zai yi wa wanda ya bi su, su ma a yi musu. Da wuya a sami Baturen wancan zamani da ya sauke kansa haka a gaban Bahaushe.

Amma samarin nan da suka durƙusa wa baƙo, su ne suka miƙe tsaye a kan ɗan'uwa. Suka dubi ikkilisiyar Lakwaja suka ce cike take da munafukai, suka hana mafi yawan jama'arta cin jibin Ubangiji. A watan Agusta na shekarar, a wani zaman kwamiti a Anaca, su da sakataren mishan F. N. Eden suka tuhumi limamai baƙaƙen fata ɗaya bayan ɗaya a gaban bishop ɗinsu, aka dakatar da wasu, har da ɗansa Dandeson Crowther. Dattijon da ya kai shekara tamanin ya zauna yana ji yaran da ya yi jika da su suna warware hukuncinsa, ya ajiye shugabancin kwamitin. Bai rama da zagi ba.

Adalci ya wajabta a ce ba dukkan tuhumar ce ƙarya ba. An sami ma'aikatan mishan masu ciniki a ɓoye da masu shaye-shaye, kuma a 1877 wata yarinya ta mutu a Anaca saboda dukan da wasu ma'aikata suka yi mata. Crowther mutum ne mai sanyin hannu, wanda ya fi son jan kunne da kora. Sai dai abin da aka yi da wannan gaskiya shi ne abin dubawa. An ɗauki laifin wasu aka shafa wa launin fata gaba ɗaya, aka ce an gwada baƙin mutum da shugabanci ya kasa. Crowther ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba, 1891, aka maye gurbinsa da Bature, kuma sai a shekarun 1950 ɗan Afirka ya sāke riƙe dayosis na kansa a Cocin Angilikan na Nijeriya. Robinson ya riga shi rasuwa a Lakwaja a 1891, Brooke ya bi su a 1892, babu ɗayansu da ya ga ganuwar Kano.

Shin munafukai ne? In munafunci shi ne faɗin abin da ba a yarda da shi ba, to, ba su ba ne, don sun ba da ransu a kan abin da suka faɗa. Ciwonsu shi ne wanda sufaye suka fi tsoro, watau ujubu, mutum ya ga ƙanƙan da kansa ya burge shi. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Sa rigar Bahaushe bai rage musu komai ba, domin su suka zaɓa, kuma suna iya tuɓewa. Zama a ƙarƙashin bishop baƙar fata shi ne abin da zai ci musu wani abu, shi ne kuwa suka kasa.

Kano, 1900

Shekara goma bayan haka aka sāke ɗaura niyya. Bishop Herbert Tugwell ya taso daga Ikko da mutum huɗu: Likita Walter Miller, da A. E. Richardson, da Dudley Ryder, da J. R. Burgin. Uku daga cikinsu sun zauna a Tarabulus sun koyi Hausa wurin fatake da alhazai. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da fara'a, suka zarce Kano a watan Afrilu ba tare da an gayyace su ba. Sarkin Kano Alu ya gana da su, ya ƙi ba su izinin zama, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda Ryder ya rasu.

A rubuce-rubucen mishan na lokacin an nuna Sarki Alu a matsayin azzalumi mai girman kai wanda ya kori masu kawo haske. In aka dubi abin daga cikin fada kuwa, wata sura ce dabam. Wata uku da 'yan kwanaki kafin isowarsu, ranar 1 ga Janairu, Lugard ya kafa tutar Ingila a Lakwaja ya ce ƙasar ta shiga hannunsa. Baƙin nan 'yan ƙasar Lugard ne, sun shigo da ayarin 'yan dako, ba su aiko da takarda sun jira amsa ba kamar yadda al'adar baƙunci ta tanada. A Hausa kuma kalma ɗaya ce, Nasara, take ɗauke da mai wa'azi da mai bindiga, kamar yadda ake gani a waƙoƙin da malamai irin su Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano, suka yi a kan zuwansu. Da sojojin Kanar Morland suka fasa Kano a watan Fabrairu na 1903, babu abin da zai sa Bakano ya ce zaton Sarki bai zama gaskiya ba.

Unguwar Turawa

Bayan cin Sakkwato a watan Maris na 1903, Lugard ya yi alkawari cewa Gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin mutane ba. Magadansa suka fassara alkawarin da cewa ba za a bar 'yan mishan su zauna cikin biranen sarakunan Musulmi ba. Daga nan rigima ta koma tsakanin Turawa su ya su, kowane ɓangare yana jifan ɗayan da fuska biyu. 'Yan mishan suka ce ga Gwamnatin ƙasar Kirista tana jin kunyar addininta, tana tsare gadon sarakuna don haraji ya shigo lafiya. Razdanoni irin su C. L. Temple, wanda ya buga littafinsa a kan mulkin 'yan ƙasa a 1918, suka ce ɗan mishan yana raba yaro da iyayensa da sarkinsa, ya mai da shi Bature na jabu mai raina kowa, sa'an nan ya kira wannan ceto. Yawancin waɗannan ma'aikata ba masu damuwa da coci ba ne, sukarsu kuwa irin ta mutumin da ya san addinin daga gida ya bar shi.

Vischer ya faɗa tsakiyar wannan rigima. A makarantarsa ta Nassarawa ana koyarwa da Hausa, yara na sa tufafinsu na gida, ana karantar da su addininsu, ba a wa'azin Kirista ko kaɗan. Shi kansa ya zauna a gidan ƙasa, ya iya harshe da gaisuwa har aka laƙaba masa Ɗan Hausa. Tsofaffin abokan aikinsa na mishan suka ga makarantar tana ƙarfafa Musulunci da kuɗin Gwamnati. Iyayen yara kuma da yawa ba su saki jiki ba, suna zaton tsohon ɗan mishan ba ya rasa wata manufa a ɓoye. Haka G. P. Bargery, mai babban ƙamus na 1934, shi ma daga mishan ya koma ma'aikatar ilmi.

Akwai kuma abin da talaka ke gani da idonsa ba sai an fassara masa ba. Dokar tsarin garuruwa ta zamanin Lugard ta ware unguwar Turawa, ta sa a bar fili na yadi 440 tsakaninta da mazaunin baƙar fata, da hujjar kare lafiya daga zazzaɓi. A Kano Turawa suka zauna Nassarawa da Bompai, Kiristocin da jirgin ƙasa ya kawo daga kudu bayan 1911 aka ajiye su Sabon Gari. Kuku da boyi da ke aiki a Nassarawa sun ga ranar Lahadi maigida da akawunsa, masu addini ɗaya, ba su cuɗanya. Ga mutumin da ya saba ganin attajiri da ɗan dako kafaɗa da kafaɗa a sahun Juma'a, wannan ya fi kowace muhawara ƙarfi. Ba a ce jama'ar Musulmi ba ta da nata tudun ba, domin bauta da ƙwace da zaluncin hakimai suna nan, Shehu Usmanu da ɗan'uwansa Abdullahi ma sun yi kuka da irinsu tun kafin Turawa. Amma wanda ya zo gyara shi ake fara dubawa.

Likita Mila

Babu wanda wannan al'amari ya taru a kansa kamar Walter Miller. An haife shi a 1872, ya sami izinin zama cikin birnin Zariya a 1905, a Durumin Maigarke, ya buɗe makaranta da ɗakin magani. Bai yi aure ba, ya riƙi yara ya raine su kamar 'ya'yan cikinsa, ya iya Hausa irin wadda Turawa kaɗan suka iya. A 1913 wasu daga cikin Isawa suka zo wurinsa, watau zuriyar almajiran Malam Ibrahim, wanda aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, ciwon barci ya shiga ya kashe da yawa, aka kwashe yaran da suka rage zuwa Zariya.

Mutumin nan kuma shi ne mai harshe kamar reza. Ya soki Musulunci da sarautar Fulani da kalmomi masu zafi a wasiƙunsa da littattafansa, yana da kunnen Lugard, kuma ƙarar da ya yi ta kaiwa tana cikin abin da ya jawo aka tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi aka kai shi Lakwaja. A ganinsa yana tsaya wa talaka ne a gaban mai ƙarfi. A ganin fada kuwa, baƙo ne da aka ba masauki ya koma mai kai rahoto. Kowanne daga cikin maganganun nan biyu yana da abin kamawa, kuma ba lalle ne ɗaya ta kashe ɗaya ba. Abokan aikinsa Turawa ma sun sha wuyar zama da shi, don ba ya son a ja da ra'ayinsa. Da aka fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa a 1929, sai ya komo Kano ya dukufa kan fassarar Littafi Mai Tsarki, wadda aka buga a 1932, bayan 'yan shekaru kuma ya bar C.M.S.

A 1947 ya fitar da wani littafi wanda sunansa kansa tambaya ce, ko Turawa sun kasa a Nijeriya. Mafi yawan zargin da ke ciki a kan mulkin mallaka yake. Amma mutumin da ya zo yana saurayi da tabbacin cewa ƙasar Hausa za ta bi shi cikin 'yan shekaru, ya tsufa yana ganin waɗanda suka bi shi ba su wuce 'yan gidaje ba, bai kuwa tattara ya koma Ingila ya zauna ba. Ya rasu a 1952 a ƙasar Jos.

'Yan gidajen nan su ne suka ba da amsar da shi bai iya bayarwa ba. Daga cikinsu aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, wanda Musulmi suka amince ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkonta a 1949. Da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Da Farfesa Ishaya Audu, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Hausawa ne masu 'yan'uwa Musulmi, ba su da Gwamna a bayansu, ba su da jirgin da zai mai da su wata ƙasa. Dole suka zauna da maƙwabta bisa ma'aunin da maƙwabtan suka sani, watau kirki, wanda ya ƙunshi gaskiya da amana da haƙuri da kunya da ladabi. A nan ne kalmar Kirista ta fara rabuwa da kalmar Nasara a bakin mutane.

Haka kuma abin ya kasance ta wajen jinya. A shekarun 1930 Gwamnati da En'e suka miƙa wa mishan ɗin S.I.M. gidajen kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, a 1943 kuma aka buɗe asibitin ido na Kano. Sarakunan da suka hana wa'azi a kasuwa sun yarda da wannan, kuma mutanen da ba su taɓa sauraron huɗubar coci ba sun ga hannun da ke wanke gyambon kuturu. Ko a nan zargi bai ƙare ba, domin an yi ƙorafin cewa ana amfani da magani a ja yaran marasa lafiya zuwa wani addini, ƙorafin da ya kai ga hukuma ta sa dokoki a kan koyar da yaran Musulmi a wuraren. Masu jinyar kuwa ba su ɓoye cewa fatarsu ke nan ba, suna ganin ba su da kyautar da ta fi ta.

Maganar Crowther ta daɗe tana jiran ranarta. A ƙarshen watan Yuni na 2014, shekara 150 da naɗa shi, aka yi taron addu'a a babban cocin Canterbury inda aka naɗa shi. Akbishop na lokacin, Justin Welby, ya tsaya a gaban jama'a, cikinsu har da zuriyar Crowther, ya amsa cewa an yi wa dattijon ƙazafi, an ci amanarsa, ya kuma bayyana taron a matsayin na godiya da na tuba. A lokacin shekara 122 ke nan da binne shi a Ikko.